Lakar da Na Zuba wa Lemun Mahaifina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Gari,
da Mai Girma Shugaban Majalisar Karkara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Allah ya ƙara muku haƙuri da jama'a, amin.

Sunana Usmanu ɗan Malam Gado, manomi, mazaunin hillar Hausawa, wato unguwarmu da ke ƙasa da gada, inda kwarin gari yake faɗawa cikin kogi. Da gangan na haɗa ku a takarda ɗaya, domin damina uku ke nan ina zuwa muku ɗaya bayan ɗaya, kowannenku yana tura ni wurin ɗan'uwansa. Na kuma roƙi liman a karanta ta a ƙofar masallaci bayan Juma'a, da Hausa da Larabci, don kada wani ya ce bai ji ba.

Abin da ya kawo ni gajere ne. Mahaifina ya bar mini itatuwan lemun tsami goma sha ɗaya a bakin kwarin nan. Yau saura uku. Idan ruwa ya sauka bana kwarin yana yadda yake, su ma ba za su ga kaka ba. Ga yadda abin ya faru.

Na farko. Kwarin nan ya girme mu duka. Daga tudun bayan kasuwa yake tasowa, ya ratsa gari, ya bi ta ƙarƙashin gada, ya zagaya hillarmu, sannan ya shiga kogi a gefen lambuna. Da rani busasshe ne, awaki ke kiwo a cikinsa. Da damina kuwa duk ruwan da ya sauka a kan rufin kowane gida nan yake biyowa. Iyayenmu sun gane haka tun saukarsu a wurin nan. Saboda haka kowace shekara, da an yi yayyafin farko, sai a yi shelar gayya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir. A kafa turakun bagaruwa a gicciye cikin kwarin, wuri uku, a saƙa su da kara da kabar goruba. Ruwa ya tsiyaye ta cikin saƙar ya wuce, yashi da shara su tsaya. Bayan damina masu yin bulo su zo da jakuna su kwashe yashin, sharar kuma a tara a ƙone. Shinge biyu suna sama da gada, ɗaya a ƙasa. Mahauta suna zuwa, majema suna zuwa, masu shaguna suna aiko da shayi da dabino. Ban taɓa jin an tambayi mutum ta wace majalisa yake ba kafin a miƙa masa turke. Mahaifina ne ke jagorantar aikin, da ƙarfinsa ya ƙare ya miƙa mini gudumar katakon da ake buga turakun da ita. Har yau tana nan a ɗakina.

Na biyu. Shekara huɗu da suka wuce aka zo aka kafa wani farin dutse a kan gada, aka ce daga nan zuwa sama na majalisar gari ne, daga nan zuwa ƙasa na majalisar karkara. A shekarar aka gina lambatun siminti a kasuwa da tashar lori da mayanka, duka aka karkato bakinsu cikin kwarin. Ba zan yi ƙarya ba, lambatun sun yi wa 'yan kasuwa amfani, don na sha ganin ruwa yana shiga shaguna yana jiƙa buhunan dawa. Amma mulahiz na majalisar gari, wato mai duba tsabta, ya sa aka tumɓuke shingayenmu biyu na sama. Ya ce suna tare ruwa, suna tara sauro. Na je na same shi na ce ruwa ba ya kwana a bayan shingen da aka saƙa daidai, ya zo ya gani da idonsa bayan ruwan farko. Ya gargaɗe ni cewa duk wanda ya sake kafa turke a sama da dutsen, a gaban alƙali zai yi bayani. Shinge ɗayan da ya rage mana a ƙasa bai iya ɗaukar nauyin gari shi kaɗai ba. Ruwan farko mai ƙarfi ya kwashe shi, muka tsinci turakun a bakin kogi.

Na uku. Wannan shi ne wanda ya fi mini ciwon faɗa, domin laifina ne, kuma ba zan ɗora wa kowa ba.

Mu mutanen bakin kogi mun san laka alheri ce. Idan kogi ya cika ya janye, yakan bar mana laka mai laushi a gaɓa, a cikinta muke shuka albasa da kuɓewa da wake ba tare da taki ba. Itatuwan lemun suna kan tudu, ambaliya ba ta kai musu, saboda haka kowace kaka mukan ɗebo lakar a mangala mu kai musu, mu zuba a gindi. Haka mahaifina ya koya mini. Shi da ƙafa ya zo ƙasar nan daga yamma, yana nufin Makka. Ya yi shekaru yana tsinkar auduga a gonakin yankin Jazira kafin ya sami wannan ɗan fili. Ƙananan itatuwan lemun a garin Sinja ya sayo su, ya rungumo su cikin jiƙaƙƙen buhu, ya dasa da hannunsa. Makka bai kai ba, Allah ya jiƙansa. Abin da ya bari a duniya su ne waɗannan itatuwa da ni.

A kakar da ta biyo bayan tumɓuke shingayen, na sauka gaɓa na tarar da laka a bakin kwarin irin wadda ban taɓa gani ba, mai kauri, baƙa wuluk, har tana sheƙi. Wallahi murna na yi. Na ce bana kogi ya yi mana kyauta. Matata Hajara ta ɗebi kaɗan ta shinshina, ta ce wannan ba ƙanshin kogi ba ne, warin tashar lori take ji. Na ce mata ta bar maganar gona ga masu gona. Kwana shida ina jigila da jaki, ina zuba wa itatuwan, na fi cika wa manyan nan biyar na gaba domin su mahaifina ya fi so. Kafin wata biyu ganyensu ya koma rawaya ya fara zuba. Na tona gindin ɗaya na tarar da baƙin man inji ya naɗe saiwoyin, ga fasassun kwalabe, ga gashin fata da ruwan jima na majema. Kafin sanyi ya wuce biyar ɗin sun bushe. Ni na ɗauko musu ajalinsu a bayan jakina, ina yi ina godiya ga Allah. Hajara ba ta taɓa tuna mini da maganarta ba, kuma shirun nata ya fi mini zafi da a ce ta yi gori.

Daga nan na bar ɗebo laka. Amma ashe ba sai na je na ɗauko ba. Yashin gari ya cike bakin kwarin, ruwa ya rasa hanya, sai ya riƙa tsallake gaɓa yana malala cikin lambun. Damina ta biyu ya kashe biyu, ta bara ya kashe ɗaya. Ukun da suka rage suna can gefen tudu, kuma bara ruwan ya tsaya taku huɗu daga gindinsu. Na auna da ƙafata.

Na huɗu. Na je maktab ɗin majalisar gari, wato ofishinsu, bashkatib, babban akawunsu, ya buɗe mini taswira, ya nuna mini da bakin alƙalami cewa lambuna yana ƙasa da dutse, ba ruwansu. Na hau jaki na yi rabin yini zuwa majalisar karkara, nasu bashkatib ɗin ya buɗe irin taswirar, ya ce dattin daga sama da dutse yake fitowa, ba ruwansu. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, ruwan ne dai bai iya karanta taswira ba. Sau nawa na yi wannan zirga-zirga, na daina ƙirgawa. An ba ni kujera, an ba ni shayi, ba wanda ya wulaƙanta ni, wannan na shaida. Amma a damina ukun nan ko mutum ɗaya daga cikinku bai taka ƙafa ya zo bakin kwarin ba, alhali daga gada ana hango shi.

Na biyar. Kada ku ɗauka wannan kukan tsoho ne a kan itatuwansa kawai. Mashayar da matanmu ke ɗiban ruwa tana ƙasa kaɗan da bakin kwarin. A nan kuma masu sayar da ruwa a kan jakuna suke cika salkunansu su hau da su cikin gari. Bayan kowane ruwan sama, kwana biyu ana ganin mai yana yawo a saman ruwan wurin. Sukan kaɗa shi gefe da hannu su ɗiba. Ban san gidajen da suke kaiwa duka ba, amma na sha ganin jakunan a ƙofar maktab ɗin majalisar gari, kuma da wannan ruwa aka dafa shayin da aka ba ni a can.

Saboda haka ina roƙonku abubuwa kamar haka.

Ku zo ku biyu, rana ɗaya, ku tsaya a kan gadar nan. Ba na neman taro ko liyafa. Ku bi kwarin da ƙafa daga bayan kasuwa har bakin kogi, tafiyar da ba ta kai tsakanin azahar da la'asar ba. Ni zan yi muku jagora.

Majalisar gari ta janye gargaɗin da aka yi mana, ta bar mu mu mayar da shingaye biyu na sama. Idan mulahiz yana tsoron sauro, ya zo ya tsaya a kanmu muna saƙawa, ya dawo bayan ruwan farko. In ya sami ruwa kwance, ni da hannuna zan tumɓuke.

A haƙa rami a tashar lori inda za a riƙa juye baƙin mai, wani kuma a mayanka da majema, kada a bar su suna zubawa cikin lambatu. Na yi magana da sarkin fawa, ya ce su a shirye suke, wurin da za a nuna musu kawai suke jira.

Majalisar karkara kuma ta ba mu aron motarta kwana biyu mu kwashe yashin da ya toshe bakin kwarin. Hannaye muna da su. Mutanen hilla sun yarda, masu yin bulo ma sun ce suna son yashin.

Ranku ya daɗe, lokaci ya ƙure. Hadari ya fara haɗuwa ta kudu, shekaranjiya an yi yayyafin farko. A da, da yanzu an yi shela. Turakun na riga na sare su, suna jingine a ƙofar gidana, kabar kuma Hajara ta jiƙa ta. Ni ba mai taurin kai ba ne, ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba tun da aka haife ni, kuma ba na sha'awar farawa da furfura. Zan jira amsarku har Juma'a biyu. Idan ta zo, alhamdu lillahi, mu yi aikin tare kamar yadda aka saba. Idan ba ta zo ba, ina sanar da ku tun yanzu, don kada a ce na yi a ɓoye: ranar Asabar da ta biyo, bayan sallar asuba, zan ɗauki gudumar mahaifina in haura sama da farin dutsen. Duk wanda aka aiko ya kama ni ba zai sha wahalar nema ba, zai same ni a wurin shinge na biyu. Abin da kawai zan roƙe shi, ya bari in gama buga turken da ke hannuna. Biyar na kashe da kaina cikin rashin sani, ukun nan ba zan zauna ina kallo da sanina ba.

Allah ya yi muku jagora, ya haɗa kanku a kan alheri, ya ba ku ikon sauke amanar da ya ɗora muku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare 'ya'yanku da namu daga ruwan da zai cuce su. Ya jiƙan iyayenku da namu, amin.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Usmanu ɗan Malam Gado,
Hillar Hausawa, ƙasa da gada.