Yumɓun Kanada Ya Riƙe Tarakta

Assalamu alaikum Yaya Ilu,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Iya? Da fatan kun yi shuka lafiya a Ɗanzomo.

Ni lafiyata ƙalau a Kanada, sai dai na yi ɓarna a gonar da nake aiki. Ka san a gida ana ɗauke ruwa muke fita shuka, don rairayinmu nan take yake shanye shi. Shekaranjiya aka yi ruwa, na shiga gona da tarakta ban tambayi kowa ba. Ashe ƙasar nan baƙa ce mai laushi a sama, ƙarƙashinta kuwa yumɓu ne zalla, ba ya barin ruwa ya wuce. Tayoyi suka nutse. Da na dira, laka ta riƙe ni har gwiwa.

Mai gonar bai yi faɗa ba, hakan ne ma ya fi tsorata ni. Ya ce in same shi ranar Litinin, ga shi kuma izinin zamana a ƙasar nan a kansa ya rataya. Ko abinci na kasa ci.

Don Allah kada Iya ta ji, a dai sa ni a addu'a. Gonata ta bakin rijiya kuma, kada ka ba kowa aro tukuna.

Ƙaninka,
Abdulmuttalib