Na fasa wa Wakili baki kan saƙon da inji ya jefar

Baba Dikko, don Allah ka taimake ni, hannuna ya ja mini abin da na kasa haɗiyewa. Ina aiki a wani sito a DIP, unguwar masana'antu a Dubai. Da aka ce Umma tana asibiti a Kano, na roƙi Wakili, akawunmu, ɗan Kafanchan, ya tura wa hedkwata imel na neman hutu. Ya ce ya tura. Kwana tara shiru, har aka binne ta ban gan ta ba. Hedkwata suka ce ba su ga komai ba. Na same shi a bakin kwantena, na shaƙe shi, na buga kansa da ƙarfe, haƙora biyu suka zube, jini har takalmina. Ko hannu bai ɗaga ba. Manaja ya tambaya, ya ce faɗuwa ya yi.

Jiya Stephanie mai kula da kwamfutocinmu ta nuna mini: kowane imel yana da lambar shaida da bai kamata wani ya sake ɗauka ba. Injinmu agogonsa ya rikice, ya ba saƙona lambar wani tsohon saƙo, injin hedkwata ya ɗauka maimaici ne ya jefar. Wakili ya tura, Baba. In na faɗi gaskiya, aiki da biza khalas, sun tafi ke nan. In na yi shiru, kullum ina kallon giɓinsa.

Mai Zafin Hannu, Dubai

Ɗana, Allah Ya jiƙan Umma. A garinmu akan tsaga kunnen akuya don a san mai ita. Ranar da gida biyu suka yi tsaga iri ɗaya, makiyayi ake duka. To kai ma makiyayin ka daka.

Baƙin cikinka gaskiya ne, amma ba shi ya ba ka haƙoran mutum ba. Kada kuma ka ruga wurin manaja don ka sauke nauyin zuciyarka: Wakili ya yi ƙarya don ya rufa maka asiri, za ka tona nasa. Ka sa Stephanie ta gyara injin yau, kafin ya haɗiye saƙon wani. Sannan ka je ɗakin Wakili da takardar shaidar abin da Stephanie ta gano, ka durƙusa, ka kai shi likitan haƙori. Ka ce masa kai ƙara ko yafiya, zaɓi nasa ne, kuma za ka bi ko da zai kai ka filin jirgi.

Ya riƙe bizarka da bakin da ka fasa. Ka je ka ji abin da bakin zai ce. Allah Ya sanyaya maka hannu.