Ƙurar Bagega a Injin Tumatir

Talata, bayan isha'i, Gummi

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau ranar duba injin rufe gwangwanin tumatir ce, Oga ya ɗauko Sani makanike daga Bagega, inda yake gyaran injin niƙa dutsen zinari. Kafin in ankara ya sa sifanarsa, duk ƙura, a rolar da ke matse murfi. Na ce ya tsaya ya wanke kayansa.

Ya yi dariya. "Haba Malam, ƙura ce fa kawai!"

Oga ya goya masa baya. Ni kaɗai na wanke injin har magariba.

Ƙura ce kawai! Haka muka riƙa gaya wa Inna, mahaifiyata, a ƙauyenmu Sunke, har gubar dalmar da ke cikin ƙurar dutsen zinari ta cinye mata jikoki.