Goma Sha Biyar da Talatin

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Afra'u ta sauka! Mace. Shekara tara autata tana jira. Alhamdulillahi. Gobe na ƙarasa.

Litinin, 8 ga Satumba

An yi suna, Muslima. Na ce wa jama'a na yi sabuwar amarya, matata Hindatu ta ce sai in fara nemo haƙoran da zan yi mata dariya.

A gaban dangin mijin na yi alkawari: ranar arba'in, a tsohuwar motata Barewa zan mayar da su Ajingi. An yi dariya. Shekara sha ɗaya tana ƙarƙashin darbejiya, kaji na ƙwai a kujerarta. Amma a cikinta na ɗauko Hindatu daga Kademi, ja wur, ƙofa biyu, yara na bin mu a guje. Ita za ta kai jikata.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ɗana Sagiru ya zo daga garejinsa na Kano, mun sauke injin. Sabbin zobban fistin, gaskit, fulogi huɗu. Kafireta biyun na wanke su da kaina. Warin fetur ɗin nan, sai na ji kamar 1985 ne, ina direban Baturen titi, in ya karɓi sitiyari yana tsula gudu da ita a hanyar Wudil, ni ina salati. Da zai tafi ya bar mini ita.

Asabar, 27 ga Satumba

Mun yi musu kan tazarar bawul. Na ɗauko tsohon littafina na ajin yaƙi da jahilci, inda na rubuta abin da Baturen ya faɗa mini da bakinsa, na shigar iska da na fitar hayaƙi. A rubuce: 30, 15. Sagiru ya ce, "Baba, na fita shi ke ɗaukar zafi, shi ya kamata ya fi faɗi." Na ce tun ba a haife shi ba nake tuƙa ta. Ya ɗaure yadda na ce.

Lahadi, 28 ga Satumba

Ta tashi! Amma kafin mu kai Balan ta yi zafi, ƙarfi ya tafi, sai tari. Sagiru ya ce tafet na ƙara kamar keken ɗinki. Ni ban ji wata ƙara ba. Na ce man ne ba kyau.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na canja mai. Duk ɗaya.

Muhsin, mijin Afra'u, ya bugo waya cikin ladabi, wai in da takura zai turo bas. Na ce babu takura.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Saura kwana shida. Ina zaune da littafin bayan la'asar, Hindatu tana ɓarar gyaɗa, ta leƙo. Ta ce, "Malam, ba a wannan ka yago takardar da ka aiko min ba? Wadda malamin makarantarmu ya kasa karantawa sai da ya faro daga dama?"

Na ce wace takarda.

"Utadnih," in ji ta. Sunanta ne a juye. Dariya har da riƙe ciki. Afra'u ma tana jiyo mu daga ɗaki.

Na buɗe shafin farko. Watana ɗaya kacal a ajin lokacin. Hannuna bai saki ajami ba, komai daga dama nake farawa, har sunana. Na koma kan lambobin. Sha biyar na fara rubutawa. Na shiga sha biyar, na fita talatin.

Bature bai yi kuskure ba, saurayin da ya rubuta ma bai yi ba. Tsohon da ya iya boko ne ya karanta a karkace.

Talata, 7 ga Oktoba

Sagiru ya juya su. Bai ce "ai na faɗa" ba, Allah ya yi masa albarka. Da aka zo daidaita silo, wato bugun injin in mota na tsaye, na kafa kunne a kan kafireta yadda na saba, ina murɗa sukuru. Na daɗe. Sai ya ɗauki tafina ya ɗora kan murfin injin, ya karɓi sukudireban. "Baba, in ta kwanta ka faɗa min." Ta hannu na ji ta. Rawar ta ragu, ta ragu, ta koma lum kamar numfashin mai barci. Na ce, "Nan!"

Asabar, 11 ga Oktoba

Mun kai su. Hindatu da Afra'u a matse a baya, sauran mata da kaya a bas ɗin Muhsin, muka bar su tun daga fitar Gaya. Ana cirar gyaɗa a gonaki, mutane na miƙewa suna kallo, kamar wancan karon.

Sagiru ne ya tuƙa. Ba don komai ba, amaryata tana hannuna.

Sun ce ta yi kuka tun daga gida har tashar Ajingi. Na dai ga bakin a buɗe. Sagiru ya ce akwai likitan kunne kusa da garejinsa. Na ce in na shigo Kano sayen fulogi, ma leƙa.