Wayar Shago Tana Hannun Baba

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni mai ɗinkin labule ce. Ina da ɗan shago mai keke biyu da teburin yanka. Ni ke awo, ni ke yanka, ni ke ɗinki, ni ke hawa tsani in rataya. Alhamdulillahi aiki ya buɗe. Ba ɗinkin ne ya dame ni ba, waya ce. Wannan ta turo hoton tagarta, waccan tana tambayar ko akwai ruwan toka, wata kuma saƙon murya ne da sai ka nemi kujera kafin ka gama saurare.

Ƙawata mai sayar da jakunkuna ta ce in ɗauki mataimakiyar nesa. Na tambaye ta ko tana cin caji sosai, ta yi dariya har da riƙe ciki, kunya ta hana ni sake tambaya. Har yau ban tabbatar ba, mutum ce ko manhaja?

Amma ainihin matsalata Baba ne. Da ya yi ritaya daga ofis ya ga ina fama, sai ya ce in ba shi wayar shago. Kullum da safe zai sa kaya gogaggu, ya ɗauko tabarau, ya zauna a kujerar bakin ƙofa kamar darakta. Masu sayayya suna sonsa. Ya san wadda ta tare a sabon gida, ya san wanda aka yi wa aikin ido. Sai dai in aka turo rubutu ba ya mayar da rubutu, kira yake yi. Wata ta tambayi farashi kawai, suka yi ta hira har ta manta abin da ta tambaya. Wani zai sayi yadi mai tsada, Baba ya ce rana za ta koɗar da shi, ya ɗauki mai araha. Mutumin ya dawo min da maƙwabtansa, to ban san ko fushi zan yi ko godiya ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Baba ba ya iya cewa a'a. Kowa ya tambayi yaushe za a gama, amsarsa ɗaya ce: jibi. Mai wani ƙaramin otal ya ba ni tagoginsa duka, aikin da na daɗe ina roƙon Allah ya kawo irinsa. Baba ya ce masa jibi. Jibi ta zo ko yanka ban gama ba, mutumin ya kai aikinsa wani wuri. Ban faɗa wa Baba ba.

Mama kuwa ta ja ni gefe ta ce kada in kuskura in dawo mata da shi gida, don kafin shagon nan har kicin yake bin ta yana koya mata jera tukwane. Mun yi dariya, sannan ta ce tun da ya fara zuwa shago ya daina dogon shirun nan da yake yi.

Malama, in na ɗauki wata, na kori mahaifina daga aiki ke nan. In ban ɗauka ba, jibi za ta rufe min shago. Yaya zan yi?

Mai Labule

Ƙanwata Mai Labule,

Ki daina jin kunyar tambayarki, mutane da yawa suna wannan ruɗanin. Mataimakiyar nesa mutum ce kamar ni da ke. Tana zaune a ɗakinta, wataƙila a wani gari, tana amsa saƙonni, tana tsara ranakun aiki, tana ɗora hotuna, ke kuma kina biyanta. Caji kam wayarta ce ke ci.

Shin kina bukatarta? Alamu sun nuna haka, domin aikin da ke zuwa ya fi lokacinki yawa, kuma kin fara asara. Amma ki sani ba hutu za ki saya nan take ba. Makonnin farko aikinki ƙaruwa zai yi, don sai kin koya mata farashi da sunayen yaduka. Ba za ta ga taga da idonta ba, saboda haka awo yana nan a wuyanki. Albashinta kuma ba ya jiran kasuwa ta yi kyau. In kin ɗauka, ki fara da 'yan awoyi a rana na wata guda, ku rubuta abin da kuka yi yarjejeniya a kai, kuma lambar sirrin bankinki ta tsaya a hannunki.

Yanzu batun Baba. Na karanta wasiƙarki ina murmushi, domin kina da abin da manyan kamfanoni ke nema ruwa a jallo: mutumin da masu sayayya suka yarda da shi. Wanda ya hana mai saye yadi mai tsada don gaskiya, riba ya jawo miki, ke ma kin gani. Kuskurensa guda ne, yana yanke ranar gama aiki alhali ba shi zai hau keke ba. Wannan kaɗai za ki karɓa daga hannunsa. Rana ke za ki yanke, mataimakiya ta isar a rubuce. Kujerar bakin ƙofa, tarbar baƙi, da kiran mutane bayan an rataya labule a ji ko sun gamsu, wannan fagen Baba ne.

Sannan ki gaya masa labarin otal ɗin, a natse, ku biyu. Mutumin da ya yi shekaru a ofis ya san nauyin alkawari, kuma zai fi jin zafi in ya ji a bakin wani. Ki ce masa shago ya girma, kina son ɗaukar ma'aikaciya, kina roƙon ya zauna tare da ke ku tantance masu nema, shi zai koya mata waye waye. Darakta ai ba ya rasa ma'aikaci a ƙarƙashinsa.

Kafin ki nemi kowa, ga gwajin da nake so ki yi. Ki ajiye kwando biyu kusa da keke. Duk saƙon da ya shigo, ki jefa guntun yadi: a na dama in sai ke za ki iya amsawa, a na hagu in duk mai hankali zai iya. Ki ba Baba aikin lura da su, zai yi shi da gaske. Bayan mako guda ku zazzage tare. In na hagu ya cika, shi da kansa zai ce a ɗauko mataimakiya. In bai cika ba, kin huta da biyan albashi, sai ku zauna ku yi maganin jibi kawai.

Ki gaida Baba da Mama, Allah ya ƙara buɗi. Ki fara gwajin gobe da safe, kada ki bari sai jibi.