Kwanakin da Zakiyya Ta Bayar

Anguwan Juma,
Birnin Zariya.

Zuwa ga maigidana, Abban Zakiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin Mambila? Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana gaishe ka, ta ce a faɗa wa ɗanta ƙafar da sauƙi. Tunda wayarka sai ka hau tudu take kamawa, na ga gara in rubuta in ba Dogara direba ya miƙa maka.

An sallamo Sagiru daga asibiti ranar Talata. An yi masa ƙarin jini, ciwon ƙashin ya lafa, har yana takawa zuwa zaure. Likita ya ce mai sikila sai lallaɓawa, kamar yau muka fara ji. Shekara goma sha shida muna lallaɓawa. Ni dai na dawo gida kamar wadda aka yi wa duka. Jiya na koma ofis, na zauna gaban takardu ina kallonsu suna kallona har aka tashi.

Tunda ya dawo ba shi da aiki sai kallon katun ɗin Japan a tsohuwar kwamfutarka. In na ce katun sai ya ɓata rai, wai sunansa anime, kuma ba na yara ba ne. Ban hana shi ba. Yaron da ba ya ƙwallo, ba ya shiga ruwan sama, me kuma zan hana shi? Zakiyya kullum tana maƙale a gefensa, yana karanta Turancin da ke ƙasa yana juya mata da Hausa. Na tambaye shi labarin, ya ce wata yarinya ce ke da baiwar yankar kwanakin rayuwarta ta ƙara wa wanda ajalinsa ya matso. Zare take ɗaura wa mutum a hannu. Muddin zaren yana nan, kwanakinta yake ci, ita kuma gashinta yana ta yin fari. Inna ta ji ta ce a'uzu billahi, kwana ai na Allah ne. Sagiru ya yi dariya ya ce shi ma ya sani. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Shekaranjiya na ga jan zare a wuyan hannunsa, irin wanda Inna ke ɗinkin hula da shi. Ya ce Zakiyya ce ta ɗaura masa. Inna kuwa tana ta faɗan an birkita mata kwandon zare.

Ka riƙa saka rigar sanyi, na san halinka. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Radiya.

Zuwa ga Abban Zakiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Saƙon ganyen shayi ya iso, mun gode, Allah Ya ƙara buɗi. Ya tarin da Dogara ya ce kana yi?

Albishirinka, Sagiru ya koma makaranta. Ya yi ƙiba kaɗan, idon ya washe, ranar Asabar har Ƙofar Doka ya taka da ƙafarsa ya sayo wa Inna goro. Ban taɓa ganin ya daɗe haka bai kwanta ba. Ina murna, amma irin murnar da ake yi ana waige.

Wadda ta dame ni yanzu ƙanwarsa ce. Ta ɗauki takalminta na Sallah ta ba Ihsan ta maƙwabta. Na karɓo, washegari ta kai mata 'yar tsanarta. Malamarsu ta aiko cewa ta daina aikin gida, da aka tambaye ta sai ta ce ba shi da amfani. Ranar Juma'a na kai ta kitso wurin Mairo, tana zama ta ce a duba mata ko akwai furfura. Mata suka yi ta dariya, yarinya 'yar shekara tara da neman furfura. Ita ba ta yi dariya ba. A hanyar dawowa ta tambaye ni ko yara ma ana yi musu tambayar kabari.

Na ɗauka neman kulawa take, tunda kullum hankalin gidan yana kan yayanta. Na yi mata faɗa. Gaskiya ban zauna na lallashe ta ba. In na dawo daga aiki, na dafa, na ba Sagiru magani, na shafa wa Inna man zafi, abin da ya rage a jikina bai kai na hira ba. Na ce zan same ta ƙarshen mako.

Ina cikin rubutun nan Sagiru ya shigo a jiƙe, ruwa ya tare su a hanyar makaranta. Na ji jikinsa da ɗumi. Bari in tashi in dafa masa ruwan zafi. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Radiya.

Zuwa ga Abban Zakiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa lafiya, ya gajiyar hanya, ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Sagiru, Ya sa can ta fi masa nan, Ya sa mai ceto ne.

Tunda ka tafi masu gaisuwa sun ragu. An naɗe tabarmin zaure, masu hayar kujeru na Tudun Jukun sun zo sun kwashe kujerunsu. Abokan karatunsa na Wusasa sun zo su uku, suka zauna, na ba su ruwa suka tafi. Har yanzu in lokacin maganinsa ya yi sai in miƙe, sai na kai ƙofar ɗakin nake tunawa.

Zakiyya ba ta cin abinci. In na matsa mata sai ta kai loma biyu ta ce ta ƙoshi. Ba ta kuka, ba ta magana, ba ta bi ta ƙofar ɗakinsa, sai ta zagaya ta bayan rijiya. Inna ta yi mata tofi, an karɓo rubutu ta sha. Na kai ta asibiti, sun ce ba su ga komai ba. Siket ɗin makarantarta sai da na kama shi da fil.

Ban san me zan yi ba, Malam. Ƙarfin da nake da shi na jinya na ƙarar da shi a kan guda, ga shi ana neman wani.

Inna tana gaishe ka.

Matarka,
Radiya.

Zuwa ga Abban Zakiyya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan jikinka da sauƙi. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Yau da hantsi ina wankin kayanta na tarar da jan zare a aljihun rigar Islamiyyarta. Na kira ta na nuna mata. Sai ta durƙusa a bakin rijiya ta ce, "Umma, ni na kashe Yaya."

Da ƙyar na haɗa zancen, don tana yi tana shessheƙa. Ashe zaren nan ba wasa ba ne a wurinta. Ranar da ta ɗaura masa, ta yi alwala, ta ce ta ba shi kwanakinta. Da ta ga ya warke har yana zuwa makaranta, sai ta tabbata abin ya kama, ita ce za ta tafi. Shi ya sa take rabar da kayanta. Duk tsawon lokacin nan yarinyar nan tana kwana tana tashi da jiran mutuwa a gabana, ni kuma ina yi mata faɗan takalmi. Daga baya tsoro ya fi ƙarfinta. Ranar da ruwa ya dake shi, yana barcin zazzaɓi, ta lallaɓa ta kwance zaren. Bai sake tashi daga wannan kwanciyar ba.

Na ce mata ajali ba ya gaba ba ya baya. Ta ce ta sani, an koya musu. Na ce fim ne, mutane ne suka zana shi da hannu. Ta ce ta sani. Duk abin da na faɗa ta sani, kuma bai taɓa inda ciwon yake ba.

Inna ta fito da sandarta ta ce ai wancan zaren tuni ya tsinke wurin wanka, Sagiru ne ya zo ta ɗaura masa wani don kada ƙanwarsa ta ji babu daɗi. Na ce to shi ke nan, an samu mafita. Ina! Sai ta ce ko na wane ne, ita dai da ta kwance a ranta ta ce a dawo mata da kayanta, kuma Allah Ya ji.

Na zauna a ƙasa kusa da ita, hannuna duk kumfa. Na ce, "Zakiyya, kin san sau nawa na roƙi Allah Ya ɗebi nawa kwanakin Ya ƙara masa? Tun ba a haife ki ba nake roƙo. Abbanki ya roƙa. Inna ta ce a ɗauke ta a bar shi, a kunnena. Da ana bayarwa, da kin zo kin tarar da layi, ba za a ma kai kanki ba."

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke kin taɓa cewa a dawo miki da naki?"

Malam, na so in ce a'a. Amma yarinyar ta gaji da maganar manya. Na faɗa mata cewa a kwanciyarsa ta ƙarshe, da ciwon ya kai yana cizon filo don kada in ji, na daina roƙon a bar mini shi. Na ce ya Allah Ka hutar da shi ta duk hanyar da Ka so. Na ce mata, "To ni ma ni na kashe shi?" Ta girgiza kai da ƙarfi, ta ce a'a, ke ai tausayinsa kika ji. Na ce ke kuma tsoro kika ji, kuma daga mai tausayi har mai tsoro babu wanda aka ba riƙon ran wani.

A nan kukan ya zo mata, wanda ba ta yi ba tun ranar jana'iza. Ni ma na yi nawa. Inna ta koma ɗaki ta bar mu.

Ba zan ce maka ta warke ba. Ta sha kunu rabin kofi, ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na san gobe za ta sake tambaya. Don Allah ka nemi a dawo da kai kusa, ko da Kaduna ne. Tana bukatar ta ji daga bakinka, ni kuma ba zan iya amsawa ni kaɗai kullum ba.

Ka yi haƙuri da karkacewar rubutun. A kan cinyata ta yi barci tun bayan azahar, a kan tire nake rubutawa. Wankin yana nan a jiƙe, ƙafata ta sage, an kira la'asar. Zan jira ta farka da kanta.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Radiya.