Wardi a Bakin Tagata

Ketu, Legas
Yuli, 2001

Zuwa ga Gwaggo Mastura,

Assalamu alaikum. Ki yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto miki, ni da ko ido ba na iya haɗawa da ke. Ina Kawu da yara, ya sanyin Jos?

Muna lafiya, karatu ma alhamdulillahi. Sai dai masu dakon tumatir da ke haya a gidanmu sun mai da bakin tagata majalisa. Nan suke tofar da yawun goro da kaki. Gwaggo, ko littafi na buɗe sai in rufe shi don ƙyama, ga jarrabawa ta matso. Ba zan iya yi musu magana ba, sun haife ni.

Na sayo wardi mai manyan furanni na dasa a gwangwani a bakin tagar, ko za su ji kunya. A ciki suka koma tofi, har ya mutu.

Don Allah ki aiko mini da reshen wardin bayan ɗakinki, wanda ke cunkushewa ba tare da an kula da shi ba. Yanzu ba furen nake so ba, ƙayar nake so.

Allah ya ƙara girma. In reshen ya kama, ko za ki yarda in sake rubutowa?

'Yarki,
Nuriyya